Mas'alar Ƙofa: Zance a kan Bukukuwanmu da Turmutsitsi

  Da yake Salla ta ƙarato, teloli sun daina karɓar ɗinki, masu dawaki kuma sun fito da kayan doki suna shanyawa, na ga ya kamata yau a wannan filinmu na faɗakarwa a rediyo mu yi zance a kan taro, watau irin cincirindon da muke yi a ranakun farin ciki da ranakun ibada, da yadda halinsa ya sake a cikin shekarun da mutum guda zai iya tunawa, da kuma abin da ya wajaba a kanmu game da rayukan waɗanda ke cikinsa.

Haɗa ibada da ado ba jiya aka fara shi a ƙasar Hausa ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labari cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara yin sallar Idi a Kano, a wani wuri da ake kira Shadakoko, kuma shi aka ce ya fara kakaki da figini da takalman gashin jimina. Saboda haka wanda ya tsaya a Ƙofar Mata ya ga Sarki ya taso daga filin Idi, kashegari ya bi Hawan Daushe ya ga an kai gaisuwa Babban Ɗaki an komo Ƙofar Kudu hakimai suna jahi, a rana ta uku kuma ya ga Hawan Nassarawa, to, lalle yana kallon abin da tushensa ya haura shekara 500, ko da yake kowane zamani ya ƙara masa nasa. Katsina da Zazzau da Damagaram duka suna da irin nasu. A watan Disamba na 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke ƙoƙarin adanawa, abin da zai ƙara jawo baƙi, baƙo kuwa bai san lungu ba.

Sa'ad da muke yara, kawunmu ne ke kai mu kallon Daushe, kuma yana da wata ɗabi'a wadda a lokacin muke ganin tsabar takura ce. Ba ya shiga tsakiyar fili, ko da an ce daga can aka fi ganin Sarki; sai ya nemi gindin wata katanga kusa da bakin lungu, ya jera mu a jikinta, ya ɗora ƙaraminmu a wuya. Idan 'yan bindiga suka saki wuta, dawaki suka zabura, dogarai suka ɗaga bulala, jama'ar gaba suka yo baya gaba ɗaya, sai ya sauke yaron, ya juya wa taron baya, ya dafa katangar da hannuwansa biyu, mu muna ƙarƙashin ƙirjinsa muna jin yadda nauyin mutane ke bugun gadon bayansa har rawaninsa ya karkace. Kafin a yi jahin ƙarshe kuwa ya riga ya tasa mu gaba ta wannan lungu, muna kuka muna waiwaye. Bai yi karatun boko ba, iyakarsa Ishiriniya da 'yan littattafan fiƙihu na farko, amma duk abin da masana harkar taro suke koyarwa a yau, ban da tsayuwa jikin katanga, wadda za mu zo kanta, yana cikin wannan ɗabi'a tasa.

Abin da ya bambanta wancan zamani da wannan, na farko, yawa ne. A ƙidayar farkon shekarun 1950 mutanen birnin Kano da waje ba su kai 200,000 ba, yau kuwa ana maganar miliyoyi. Alhali lungunan cikin birni faɗinsu na jiya shi ne na yau, har wasu sun ƙara tsukewa saboda shaguna da aka kakkafa da motoci da ake ajiyewa. A dā kuma kowace unguwa ta san inda take tsayawa, dattijo in ya tsawata wa yaro ya san ɗan wane ne, yaron ma ya san za a kai ƙararsa gida. Yanzu mutum na iya tsayawa cikin dubban jama'a bai ga fuska ɗaya da ya sani ba, kuma inda babu sanayya, kunya tana raguwa, kowa sai ya zama ta kansa yake yi.

Na biyu shi ne sauyin da ya auku a fahimtar addini, wanda duk mai shekara hamsin zuwa sama ya gani a cikin gidansu. Mun tashi mun tarar da Maulidi da Takutaha, ana hawa Dala ana saukowa, mun tarar da maukibin Ƙadiriyya wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950, ana fita da tutoci da bandiri zuwa ziyarar makwantan bayin Allah, mun tarar da zikirin Juma'a na Tijjanawa. Sa'an nan tafsirin Shehu Abubakar Gumi ya riƙa shigowa gidaje ta Rediyon Kaduna, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, sai ga shi a gida ɗaya uba yana wazifa, ɗa yana cewa bidi'a ce, wa ya tafi Maulidi, ƙane ya tafi wa'azin ƙasa. Ba wannan fili ne zai yanke hukunci a tsakaninsu ba, ni kuma ba ni da matsayin yin haka. Malamai suna nan da hujjojinsu. Amma akwai abu guda da na lura da shi, wanda nake roƙon kowane ɓangare ya duba da idon basira: wannan saɓani bai rage taro ba, ƙara shi ya yi, domin kowace jama'a ta wayi gari tana auna ƙarfinta da yawan waɗanda suka amsa kiranta, ana ɗaukar hoto daga sama ana yaɗawa, ana cewa ku dubi namu. Mun shafe fiye da shekara arba'in muna muƙabala a kan halaccin taron wane da haramcin na wane, an rubuta littattafai, an cika kaset-kaset, amma da ƙyar za ka ji an zauna majalisi guda an tattauna mas'alar ƙofa: nawa ce, ina take buɗewa, a hannun wa mabuɗinta yake, kuma idan tsohuwa ta faɗi a bakinta wa zai ɗaga ta.

Ni kaina, in na dubi yadda zuciyata take ɗaukar waɗannan ranaku, sai in ga shekaru sun yi aikinsu. Saurayi yana jin daɗin ibada ne a cikin zafin taro, inda murya ke haɗuwa da murya har tsikar jiki ta tashi, kuma wannan ba abin zargi ba ne, domin jam'i yana da falalarsa wadda shari'a ta tabbatar. Amma da mutum ya manyanta, ya riƙe hannun jika, ya raka mahaifiya mai ciwon gwiwa zuwa Idi, ya ga yadda numfashinta ke sama-sama tun ba a isa sahu ba, sai ya fara karanta waɗansu hadisai da ya daɗe da haddacewa da wani ido dabam, ya ga ashe an daɗe da yin maganar.

Ku duba Hajjin Bankwana. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa yayin da jama'a suka taso daga Arfa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ji hayaniya da dukan raƙuma a bayansa, sai ya yi nuni da bulalarsa ya umurce su da natsuwa, ya sanar da su cewa aikin alheri ba a gaggawa yake ba. A daren Muzdalifa kuwa Uwar Muminai Saudatu, wadda mace ce mai nauyin jiki, ta nemi izni ta wuce Mina kafin turereniyar mutane, aka yi mata izni, haka kuma aka gabatar da masu rauni na iyalinsa tun da dare. An ruwaito ma cewa ya gargaɗi Sayyidina Umar, saboda ƙarfin da Allah ya ba shi, kada ya yi turereniya a wurin Hajarul Aswadi ya cuci mai rauni. In ya sami sarari ya sumbanta, in bai samu ba ya fuskance shi ya yi kabbara ya wuce. Hatta sunnar nan ta tafiya Idi ta hanya ɗaya a komo ta wata, wadda da yawanmu muka ɗauka ta neman lada ce kurum, malaman da suka yi sharhi sun lissafa rage cunkoso a cikin hikimominta. Duk wannan a zamanin da mahajjata ba su kai kashi ɗaya cikin goma na yau ba.

Mina ɗin nan ita ce makarantar da duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A ranar 2 ga Yuli 1990 mutum 1,426 suka rasu a cikin ramin Mu'aisim, hanyar ƙarƙashin dutse da masu tafiya a ƙasa ke bi. A watan Janairu na 2006 fiye da mutum 340 suka rasu a mashigar gadar Jamrat, kuma abin da ya fara jawo shi kaya ne da suka zube a hanya, na gaba suka yi tuntuɓe, na baya ba su sani ba suka ci gaba da tahowa. Bayan wannan hukumomin Saudiyya suka rushe tsohuwar gadar suka gina mai hawa-hawa, da ma sun riga sun maye gurbin ginshiƙan jifa da dogayen bangaye domin mutane su bazu, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka yanka wa kowace tawaga lokacinta. Gadar ta yi amfani ƙwarai. Amma a ranar 24 ga Satumba 2015, ranar Babbar Salla, masifar ta auku tun ba a kai gadar ba, a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223, inda ayari biyu suka yi kiciɓis cikin tsananin zafi. Hukuma ta ce mutum 769 ne. Da aka tattara lissafin da ƙasashe suka bayar na mutanensu, adadin ya haura 2,000. Nijeriya kaɗai ta rasa fiye da 200, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, fitacciyar 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah ya ji ƙansu, ya karɓi shahadarsu.

Ya kamata mai sauraro ya san yadda mutuwa ke zuwa a irin wannan wuri, domin yawancinmu muna zaton tattakewa ce. Galibi ba ita ba ce. Da yawa suna cikawa ne a tsaye. Masana sun auna cewa muddin mutum shida ko bakwai suka matsu a cikin fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, to, babu sauran mai iko da ƙafarsa. Taron sai ya koma kamar ruwa a cikin kwata, in an tura daga can baya, igiyar turin za ta bi ta jikin mutane har ta iske wanda ke jikin ƙofa ko katanga, wanda ba shi da inda zai matsa. Duk sa'ad da ya fitar da numfashi sai matsin ya ƙara rufe ƙirjinsa, ya kasa jawo wani, cikin 'yan mintoci kaɗan ya suma. Yara da mata da gajeru su ne kan gaba, saboda ƙirjinsu yana daidai inda nauyin ya fi taruwa. Abin da ya fi ban tausayi shi ne waɗanda ke baya ba mugaye ba ne, ba su ma san abin da ke faruwa ba. Suna ganin an ɗan matsa gaba, sai su ɗauka ƙofa ce ta buɗe, alhali kuwa mutane ne suka zube.

To, a nan wajenmu ba filin Idi ko wurin hawa ne ya fi cin rayuka ba a 'yan shekarun nan. Wurin rabon sadaka ne. A watan Fabrairu na 2020 kimanin mutum 20, yawancinsu mata da yara, suka rasu a Diffa wajen rabon tallafi ga 'yan gudun hijira. A watan azumin 2024 mata suka rasu a Bauchi wajen karɓar zakka. A cikin mako guda na Disambar 2024 yara 35 suka rasu a Ibadan a wani bikin yara da aka yi shelar za a raba kuɗi da abinci, kwana uku bayan haka mutum 22 a Okija ta Jihar Anambra, da mutum 10 a harabar wata majami'a a Maitama ta Abuja, duka wajen rabon kayan Kirsimeti. Musulmi da Kirista, yunwa ba ta tambayi kowa addininsa ba. A nan ma akwai sauyin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa. Iyayenmu in sun auna zakkar fid da kai, yaro ake ba ya kai gidan wance tun da duhun asuba, ba wanda ya ji ba wanda ya gani, attajiri kuma yana da malaminsa da mai unguwarsa waɗanda suka san gidan kowace gwauruwa da kowane maraya. Yanzu sai a yi shela kwana uku, a tara dubban mabukata a ƙofar gida ɗaya tun tsakar dare, a kulle ƙofar har rana ta take, a jira masu ɗaukar hoto su iso, sa'an nan a buɗe ɓangare guda. Ba na cewa duk mai yin haka riya ce ta sa shi, domin zukata Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsu. Amma wanda ya tara mayunwata dubu biyar alhali abin da ya tanada na dubu ɗaya ne, kuma su ma sun san haka, ya riga ya sa su tsere tun kafin a buɗe ƙofa.

Idan abin ya auku, kalmar da ke fara fitowa daga bakinmu ita ce ƙaddara, kuma haƙiƙa babu ran da zai wuce ajalinsa. Wannan aƙida ce, ba mai jayayya a kanta. Sai dai magabata ba su fahimci ƙaddara a matsayin mayafin sakaci ba. Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta sauka, komowa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Fiƙihun da muke karantawa a zaure ma bai bar wannan babi a buɗe ba: Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai jan ta da mai kora ta, malamai kuma sun hukunta lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya inda ba shi da iznin haƙawa, wani ya faɗa. Saurayin da ya saki linzami ya yi sukuwa a lungun da yara ke wasa, da wanda ya watsa kuɗi daga saman mota cikin taron almajirai, su dubi wannan hukunci su ga inda suka faɗa. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara, ba a rufe shi da ta'aziyya da buhun shinkafa.

Ga masu shirya taro, ko kwamitin masallacin Idi ne, ko na Maulidi, ko na wa'azi, ko mai rabon zakka, aikin yana farawa ne tun jajibiri. A zagaya filin da ƙafa, a ga inda jama'a za su shigo da inda za su fita, kada su zama wuri ɗaya. A cire kwaɗo daga kowace ƙofa kafin mutum na farko ya iso, a kawar da teburan 'yan tireda da babura daga mashiga, a ware wa mata da tsofaffi tasu hanya. 'Yan agaji, waɗanda Allah ya albarkaci ƙungiyoyinmu da su, kada a tara su duka a gaban mumbari suna tsaron manyan baƙi. A sa waɗansu can baya, inda za su iya tsayar da masu tahowa, da wani a wuri mai tudu riƙe da lasifika, domin taro daga baya ake rage shi. Bulala a gaba ba ta ƙara komai sai matsi, tun da wanda aka doka baya zai yi, na baya kuwa gaba suke yi. Mai rabo kuma ya koma wa masu unguwanni da limamai, a rubuta sunaye, a ba da kati, a raba wurare da ranaku. In kuwa ya ga jama'a sun fi ƙarfin shirinsa, ya fasa na ranar, ya sallame su da magana mai daɗi tun ba a fara ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, in kin ji mutane sun taɓa ki ta kowane gefe har ba ki iya ɗaga hannu ki gyara mayafi, lokacin fita ya yi, kada ki jira ki ga abin da zai biyo baya. In matsin ya riga ya kama, a ɗaga hannuwa a kare ƙirji domin a bar wa huhu wurin motsi, a daina ihu don a adana numfashi, kada a yi gaba da turin, a bi shi ana zamewa a karkace zuwa gefe duk sa'ad da ya lafa. A nisanci ƙofa da shinge da katanga, sai fa in akwai mafita a kusa kamar lungun nan na kawuna. Takalmi ko waya in sun faɗi, a bar su. Mutum in ya faɗi, a ɗaga shi nan take, domin faɗuwar mutum ɗaya ita ke buɗe ramin da goma za su rufta. Yaro ƙarami a ɗora shi a wuya, goyo kuma a kwance shi daga baya a rungume shi sama, a kuma rubuta lambar wayar uba a saka a aljihun kowane yaro kafin a bar gida. Mahajjacinmu da ke shirin tafiya ya tambayi malaminsa rangwamen jinkirta jifa da na wakilci ga wanda ya gaza, kowace mazhaba da sharuɗɗanta, ya kuma tsaya a kan lokacin da aka yanka wa tawagarsa, ko da abokan ɗakinsa sun ce su za su riga kowa.

A nan za mu dakata, lokacin da aka ba mu ya cika. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko zancen samarin da ke bin ayarin hakimai da makamai a ranar hawa, da abin da iyayen ƙasa za su iya yi a kai.